Gado da Bashi: Yadda Masu Wasan Labari Suka Yi da Dukiyar Lovecraft

Gabatarwa

Kowa ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Magajin da ya yi wuf ya ɗauki gona da shanu, ya kau da kai daga masu bin mahaifinsa bashi da ke tsaye a ƙofar gida, ba gado ya ci ba, amana ya ci. Wannan ƙa'ida ta dukiya muke so mu ara a wannan fitowa mu auna wani al'amari na adabi da ita, wato yadda ya kamata a yi da abin da marubuci mai ƙyamar wasu jinsunan mutane ya mutu ya bari, musamman idan abin da ya barin yana da kyau har ana rububinsa. Misalin da za mu ɗauka daga Amurka yake: marubucin labaran ban tsoro H. P. Lovecraft, da kuma wani nau'in wasa da ake yi a kan tebur wanda ya ci gadonsa fiye da kowa. Mun fifita wasan a kan littattafai da finafinai ne domin a cikinsa matsalar ta fi fitowa fili, kamar yadda za mu gani a gaba.

Wane Irin Wasa Ne?

Mai karatu ya ƙaddara tatsuniya ce, amma wadda masu saurare ke da ta cewa a cikinta. Mutum huɗu ko biyar sukan kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora. Shi ke riƙe da littafin dokoki da sirrin labarin, shi ke bayyana wuri da lokaci, kuma shi ke magana da bakin duk wanda za a gamu da shi a hanya. Sauran kuwa kowa ya ƙirƙiri tauraronsa, ya ba shi suna da sana'a, a rubuta ƙarfinsa da basirarsa da farin jininsa da lambobi a takarda. Jagora ya ce ga ƙofa a kulle, ana jin motsi a bayanta. Ɗan wasa ya ce tauraronsa zai ɓalle ta. Sai a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ita za ta yanke ko ƙofar ta ɓalle ko ta ƙi. Haka labari zai yi ta tafiya, wani a gama shi a dare guda, wani a shekara ana kansa.

Uban waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. A littafin jagora na wasan da ya fito a 1979, Gygax ya jera marubutan da ya sha a rijiyarsu, kuma sunan Lovecraft na ciki. Daga baya, a 1981, kamfanin Chaosium ya fitar da wasan da aka gina shi kacokan a kan labaran Lovecraft, mai suna Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara. A wannan wasa taurari masu bincike ne a Amurkar shekarun 1920, kuma kowannensu yana da makin hankali da ke raguwa duk lokacin da ya ga abin da bai kamata idon ɗan Adam ya gani ba. Gwargwadon sanin da tauraro ya yi wa asirin, gwargwadon kusantarsa da hauka. Fiye da shekara arba'in ke nan ana buga wannan wasa, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama.

Mamacin da Dukiyarsa

An haifi Howard Phillips Lovecraft a birnin Providence a 1890, ya mutu a can a 1937 yana da shekara 46, cikin talauci, ba ɗa ba jika. Yawancin labaransa a mujallu masu araha suka fito, musamman Weird Tales. Bayan mutuwarsa ne abokansa biyu, August Derleth da Donald Wandrei, suka kafa maɗaba'ar Arkham House a 1939 domin kada aikinsa ya bi shi kabari.

Mene ne dukiyar da ya bari? Wani sabon irin tsoro ne. Kafin shi, mai labarin ban tsoro fatalwa yake kawowa ko maye, abubuwan da ke da harka da ɗan Adam ko da ta mugunta ce. Lovecraft kuwa cewa ya yi sararin samaniya da ƙarƙashin teku cike suke da daɗaɗɗun halittu waɗanda ba su son mutum, ba su ƙinsa, ba su ma san da zamansa ba, kamar yadda mai tafiya bai san da tururuwar da ya taka ba. Wannan jigo yana da nauyi, kuma ya iya warware shi: ta hanyar wasiƙu, da yankakkun jaridu, da bayanan shaidu, mai karatu na harhaɗa gaskiya kaɗan-kaɗan har ya kai inda zai yi da-na-sanin sani. Ba abin mamaki ba ne da masu wasa suka ga wannan zubi ya dace da tebur.

Bashin

To amma mamacin ya tafi da bashi mai yawa. Wasiƙunsa, waɗanda dubbai daga cikinsu suka tsira, cike suke da cin mutuncin baƙar fata da Yahudawa da mutanen Asiya da baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka. A 1912 ya rubuta wata waƙa da ta mai da baƙar fata halitta tsakanin mutum da dabba, wadda ko sunanta ba zai faɗu a wannan mujalla ba. A wasu wasiƙunsa na 1933 ya nuna cewa Hitler na burge shi. Matarsa Sonia Greene, wadda ita kanta Bayahudiya ce, ta ba da labarin yadda yakan fusata in ya tsinci kansa cikin cakuɗaɗɗen taron jama'a a titunan New York, inda ya zauna daga 1924 zuwa 1926.

Da a wasiƙa abin ya tsaya, da sai mu ce tsakaninsa da masu rubuta tarihinsa. Sai dai ya shiga cikin zubi da tsarin labaran. A The Horror at Red Hook, wanda ya rubuta a 1925, unguwar baƙi matalauta ta Brooklyn ita ce matsafa, kuma fuskokin mazauna unguwar su ne abin tsoron kafin ma dodo ya bayyana. A The Call of Cthulhu, wanda ya fito a 1928, masu bauta wa dodon a fadamar Louisiana ma'aikatan jiragen ruwa ne masu gaurayen jini, da marubucin ya siffanta da ƙarancin hankali, kuma farfesan da ya fara binciken ya mutu ne bayan wani baƙin mutum ya bangaje shi a hanya. A The Shadow over Innsmouth, na 1936, bala'in da ya auka wa garin auratayya ce da wasu halittun teku, babban firgicin tauraron kuma shi ne gano cewa shi ma yana da jininsu. Ko ƙauyawa farar fata ba su tsira ba, domin a The Dunwich Horror lalacewar zuriya ce tushen masifarsu. Ashe ke nan aƙida guda ce ke ƙarƙashin duka: jini shi ke yanke halin mutum, gauraya shi kuma halaka ce.

Akwai kuma littafin tsafin nan da ya ƙaga, Necronomicon, wanda ya ce wani mahaukacin Balarabe ɗan San'a ta Yaman ya rubuta shi, mai suna Abdul Alhazred. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malam zai ga sunan bai ginu ba, domin alif da lam sun maimaitu. Suna ne da ya laƙaba wa kansa tun yana yaro bayan ya karanta Dare Dubu da Ɗaya. Gabas a wurinsa rumbun hauka da sihiri ce, bai damu ya san harshenta ba.

Masu kare shi sukan ce ai ɗan zamaninsa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin a 1924 Amurka ta kafa dokar taƙaita shigar baƙi bisa asalinsu, a 1925 kuma dubban 'yan Ku Klux Klan suka yi jerin gwano a Washington. Amma zamanin ba shi kaɗai ya haifa ba. Abokinsa James F. Morton ya wallafa ɗan littafi a kan la'anar wariyar jinsi tun 1906, kuma sun sha jayayya a kai. Daɗin daɗawa, a daidai shekarun da Lovecraft ke zaune a Brooklyn yana toshe hanci, a unguwar Harlem ta wannan birnin marubuta baƙar fata na cikin ganiyar farfaɗowarsu: Alain Locke ya fitar da The New Negro a 1925, Langston Hughes ya fitar da diwaninsa na farko a 1926. Jirgin ƙasa na cikin gari ya isa ya kai shi can. Zaɓi ya yi, kuma zaɓi ake bin mutum bashinsa.

Abin da Ya Raba Wasa da Littafi

Ga inda gizo ke saƙar. Mai karanta littafi yana iya tsayawa gefe, ya ce wannan maganar marubuci ce, ba tawa ba. A tebur babu gefe. Idan littafin wasa ya ce matsafan nan baƙar fata ne masu surutun da ba a ganewa, jagora ne zai buɗe baki ya kwaikwayi surutun, 'yan wasa kuma su ne za su ce sun ɗaga bindiga sun harbe su, a yi dariya, a ba su lada. Mai yiwuwa kuma wanda ke zaune a kujerar kusa ɗan jinsin da ake kwaikwayo ne. Abin da yake ra'ayin mamaci a littafi ya zama aikin rayayyu a wasa.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Wasa yakan mai da ra'ayi doka, ya ba shi lamba. A Dungeons & Dragons an daɗe ana raba halittu jinsi-jinsi, kowane jinsi da makinsa na haihuwa. Alal misali, a wani littafin wasan na 2016, duk wanda ya zaɓi jinsin orc za a ƙara masa ƙarfi a rage masa maki 2 na basira, kafin ya yi komai a duniya. Jinsin drow kuwa, masu baƙar fata da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, mugunta aka rubuta a matsayin ɗabi'arsu. Wani zai ce ai waɗannan dodanni ne, ba mutane ba. Haka ne, amma kalmomin da aka siffanta su da su, na rashin wayewa da son jini da taurin kai, su ne waɗanda marubutan mulkin mallaka suka siffanta mutane da su. Aƙidar nan ta cewa jini ke yanke hali, wadda muka gani a Innsmouth, ga ta ta koma lissafi. Yaron da ya shekara yana wannan lissafi ba wanda ya yi masa huɗuba, amma ya koyi darasi.

Hanyoyin da Magada Suka Bi

Hanya ta farko ita ce sauke mamacin daga kujerar girma. Daga 1975 zuwa 2015, duk wanda ya ci kyautar World Fantasy Award mutum-mutumin kan Lovecraft aka riƙa miƙa masa. A 2011 Nnedi Okorafor, 'yar Amurka wadda iyayenta Ibo ne daga Nijeriya, ta ci kyautar da littafinta Who Fears Death, ta kuma bayyana damuwarta da ajiye kan mutumin da ya rubuta waccan waƙa a ɗakinta. A 2014 marubuci Daniel José Older ya tara sa-hannun jama'a yana neman a sauya, a watan Nuwamba na 2015 aka sanar da yin ritayar mutum-mutumin. Masanin Lovecraft, S. T. Joshi, ya fusata har ya mayar da kyaututtukansa biyu. A ganinmu an yi daidai, domin karanta mutum daban, tilasta wa wanda ya zaga ya rungumi gunkinsa daban. Sai dai wannan bai taɓa ko layi ɗaya na abin da ake bugawa a tebur ba.

Hanya ta biyu gargaɗi ne. Kamfanin Evil Hat ya sa shafi a wasansa Fate of Cthulhu da ke faɗa ƙarara cewa Lovecraft mai wariyar launin fata ne, mai ƙin Yahudawa. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya mallaki Dungeons & Dragons tun 1997, ya amsa cewa yadda aka siffanta orc da drow na tuna wa mutane yadda aka ƙasƙantar da al'ummu na gaske, ya kuma liƙa gargaɗi a tsofaffin littattafansa irin su Oriental Adventures na 1985. Faɗin gaskiya abu ne mai kyau, amma amsa bashi ba biyansa ba ne. Shaida kuwa ita ce, a 2022 kamfanin nan ya fitar da sabon littafi mai ɗauke da wani jinsi mai kama da birai, hadozee, da labarin cewa wani matsafi ne ya ba su wayo don ya sayar da su bayi. Sai da jama'a suka yi ca kafin ya nemi gafara a watan Satumba ya cire. Gargaɗin yana bangon littafi, al'adar kuwa tana hannun masu rubutu.

Hanya ta uku gyara ce. An cire ragin basirar orc a 2020, a bugun 2024 kuma aka ɗaure makin tauraro da tarbiyyarsa da sana'arsa maimakon jininsa. A ɓangaren Chaosium, misali mafi kyau shi ne Masks of Nyarlathotep, dogon labarin wasa da Larry DiTillio da Lynn Willis suka fitar a 1984, wanda ke ɗaukar 'yan wasa daga New York zuwa Landan da Alƙahira da Nairobi da Shanghai. A sabon bugun 2018, Jackson Elias, marubucin da kisansa ke buɗe labarin, ya zama baƙar fata, an kuma ƙara labarin Hilton Adams, wani mutumin Harlem da 'yan sanda suka ɗora wa kisan da matsafa suka yi, yana jiran hukuncin kisa. Wannan ƙari ya yi aiki, domin yanzu mutanen Harlem su ne waɗanda ake zalunta, su ne kuma shaidun da mai bincike ba zai ci nasara ba sai ya saurare su. Duk da haka ginshiƙin ginin bai sauya ba: har yanzu matafiyi ne ke zagaya ƙasashen wasu yana neman asiri a bayan kasuwanninsu. An yi wa ɗaki sabon yaɓe, amma tsohon tubali na nan.

Hanya ta huɗu, wadda muke ganin ita ce biyan bashi na gaskiya, ita ce a miƙa alƙalamin ga waɗanda aka zaga. A fagen ƙagaggen labari Victor LaValle ya yi haka a 2016 da The Ballad of Black Tom, inda ya sake ba da labarin Red Hook ta idon wani saurayi baƙar fata ɗan Harlem, wanda a wurinsa dodon da bai damu da mutum ba ya fi sauƙi a kan ɗan sandan da ya damu da launinsa. A fagen wasa kuwa Chris Spivey ya fitar da Harlem Unbound a 2017, ya ci manyan kyaututtuka a 2018, Chaosium kuma ya buga bugu na biyu a 2020. A nan taurarin mawaƙa ne da 'yan jarida da tsofaffin sojoji na Harlem. Abin lura shi ne Spivey bai wanke zamanin ba. Wariya na nan a cikin wasan, amma ta tashi daga matsayin idon da ake kallo da shi ta koma katangar da tauraro ke karo da ita. Ya kuma ja kunnen 'yan wasa da kada su kwaikwayi harshen baƙar fata ko su furta zagin zamanin da sunan wasa. Wannan ya amsa wa masu cewa gyara ƙarya ce ga tarihi. Labarin 1920 da babu wariya a cikinsa ƙarya ne, haka ma labarin 1920 da babu baƙar fata sai matsafa.

Shin Za Su Rabu?

Marubucin Faransa Michel Houellebecq ya yi iƙirari a 1991 cewa ƙiyayyar jinsi ce wutar da ta dafa fasahar Lovecraft. In haka ne, to duk wanda ya cire ta ya kashe murhun. Ba mu yarda ba, hujjarmu kuma daga mamacin take. The Colour Out of Space, na 1927, wanda shi kansa ya fi so a cikin labaransa, labarin wani dutse ne da ya faɗo daga sama a gonar wani manomi, ya lalata rijiya da amfanin gona da dabbobi da iyali sannu a hankali. Babu baƙon da aka ɗora wa laifi, kuma ba labarinsa da ya fi shi sa tsikar jiki tashi. Ashe tsoron na iya tsayuwa da ƙafarsa, ƙyamar kaya ce aka ɗora masa.

Ba kowane gado ne haka ba. M. A. R. Barker, farfesan harsuna da ya ƙirƙiri duniyar Tékumel da wasan Empire of the Petal Throne wanda ya fito a 1975, ya mutu a 2012 ana girmama shi. A 2022 gidauniyar da ke kula da ayyukansa ta tabbatar cewa shi ya rubuta wani littafi mai ɗaukaka aƙidar Nazi da ya fito a 1991 da sunan aro. A nan bashin ɓoye yake, ba a fuskar wasan ba, don haka aikin magada ya fi wuya: dole su koma su sake karanta abin da suke so da idon tuhuma. Darasin shi ne ba a yanke hukunci da sunan marubuci kaɗai, sai an buɗe aikin an duba.

Kammalawa

Ƙona dukiyar mamaci ba ya biyan kowa, binne takardar bashi kuma ba ya kashe bashi. Lovecraft ya mutu, kuɗin wasannin nan ba su zuwa aljihunsa, saboda haka tambayar ba ta ko za a amfane shi ba ce, ta abin da za a sa rayayyu su faɗa da bakinsu ce. Ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, babu wanda ke rubutu ba tare da aro ba, kuma mai aron riga yakan ɗauko har da ƙwarƙwatar da ke cikinta in bai kakkaɓe ba. Duk lokacin da muka ɗauki zubin wani, tambaya uku sun isa: a fuskar wa aka ɗora tsoro ko dariya? Wa aka ba baki ya yi magana da kansa? Wane ra'ayi ne aka shigar a matsayin dokar duniyar labarin, har ba a ganin ra'ayi ne? Masu wasan tebur sun ɗauki fiye da shekara talatin kafin su yi wa gadonsu waɗannan tambayoyi da gaske, kuma ba su yi ba sai da waɗanda ake bin haƙƙinsu suka ja kujera suka zauna a teburin.